Shitu Baduku da Ƙarfe Mai Haƙora

Shitu Baduku haifaffen Maska ne, kuma a gidansu ba a san wata sana'a ba sai fata da noma. Da damina yana gonar dawa da ɗan fagen audugarsa. Da an kai amfani gida sai ya ɗaure akwatin aiki a bayan keke ya bi kasuwanni, Funtuwa, Bakori, har Malumfashi in hanya ta yi kyau. Akwai dukawan da suka fi shi iya rini, akwai waɗanda suka fi shi zane, amma wajen ɗinki ba a haɗa shi da kowa. In ya bi gefen zabira da basilla, ramukan sai su jeru kamar shukar da aka ja wa igiya. Ba ya awo, ba ya jan layi. Ido ne kawai da hannu.

Hannun ne ya fara ba shi kunya, wajen shekarar 1979. Ƙarfi dai yana nan, don har lokacin yana ɗaga buhun masara shi kaɗai. Amma in ya saita basilla a kan fata sai tsininta ya kama rawa, rami ɗaya ya yi gabas, na bayansa ya yi arewa. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa juya kayan da suka karkace yana kifa su a kan tabarma.

Wata ranar kasuwar Bakori, Alhaji Maiwada na Gozaki ya tsaya a rumfarsa. Babban manomi ne, kuma tun suna samari a wurin Shitu yake ɗinki. Ya ɗauki wani kuben wuƙa, ya juya shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar a hankali.

"Malam Shitu, 'yar wajena Lauratu ta kusa sauke Alƙur'ani. Tun tana goye na ce kai za ka ɗinka mata gafakar da za ta sa littafinta. Amma in aikin zai wahal da kai, ka faɗa mini, ba komai. Sai in ba matasan dukawan nan."

Shitu ya san inda maganar ta dosa. Badukun da aka daina kawo wa aikin ado, bakin tasha yake komawa, yana liƙe silifa da tsinkakken bel har ƙarshen ransa. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ni zan ɗinka ta."

Ya faɗa ne kawai, bai san ta inda zai ɓullo ba.

A Funtuwa, kusa da tasha, akwai shagon Ayinde, Bayarabe haifaffen garin, mai sayar da kwaɗo da zif da kayan keken ɗinki. Shitu ya shiga sayen maɓallan jaka, suka zube daga hannunsa. Ayinde ya tsince su, ya dubi hannun, sai ya jawo wani littafin hotuna da dilansa na Ikko ya aiko masa. Ka nuna abin da kake so, a yi maka oda, babbar mota ta kawo. Ya buɗe shafin kayan fata, ya ɗora yatsa a kan wani ƙarfe mai haƙora a jere kamar mataji.

"Baba, wannan bugu ɗaya, rami shida, duk a layi. Ɗan Taiwan ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Kuɗinsa bai kai na kaza ba."

"To abin da bai kai kaza ba, zai huda fata?"

"Baba, ai ita ma kazar tana huda buhu."

Shitu ya yi dariya, ya ce a kawo. Sai dai ya roƙi Ayinde kada maganar ta fita. Duk wani ƙarfen da ke cikin akwatinsa, daga wuƙa har basilla, Hussaini maƙeri ne ya ƙera shi. Hussaini kuwa taubashinsa ne, ɗan kawunsa, mutumin da in ya samu abin tsokana sai ya shekara yana juya shi.

Kaya suka daɗe a hanya, har sauka ta matso, sannan suka iso cikin leda, ƙarfen na ƙyalli kamar madubi. Washegari da hantsi Shitu ya zauna a zaure. Ya riga ya yanka jar fatar akuya, ya yi mata shafi da kirgi mai kauri. Ya shimfiɗa ta a kan dutsen da mahaifinsa ya bar masa, wanda a kansa kowane baduku na gidan yake daka fata. Ya dafe ƙarfen, ya sauke masa guduma. Da ya ɗaga, sai ga ramuka a jere, tsaf. Ya yi wata irin dariya da ta sa matarsa Adama leƙowa da ludayi a hannu. Ya sake bugawa, ya ƙara. Sai ya ji ƙas. Haƙora biyu sun ɓalle, sauran sun lanƙwashe.

Sabuwar oda ba za ta iso kafin sauka ba. Ya zauna ya zuba wa ƙarfen ido.

Adama ta ce, "Malam, ka kai wa Hussaini mana."

"In kai masa ya yi mini waƙa a kasuwa?"

"To zauna da girmanka, gafaka ta ɗinka kanta."

Ya tarar da Hussaini yana gyaran bakin garmar shanu. Ya miƙa masa ƙarfen ba tare da ya kalle shi ba. Hussaini ya ajiye masaba, ya juya abin, ya ɗaga shi sama don masu jiran gyara su gani.

"Jama'a, ku zo ku ga amaryar da Shitu ya yi mini daga ƙasar waje. Kwana ɗaya a gidansa ta zama mai giɓi!"

"Kai dai ka duba, in ba ka iyawa in wuce Bakori."

Hussaini ya kankare tsinin da farce, sai ga garin dutse. Ya dafa kai. "Bawan Allah, a kan dutse ka buga? Da guduma? Ƙarfe a sama, dutse a ƙasa, ai ko haƙoran kura ne sai sun zube. Wannan icce yake so a ƙarƙashinsa, icce a samansa."

Shitu ya miƙa hannu zai karɓi abinsa, hannun na karkarwa. Hussaini ya gani. Tsokanar ta tsaya nan. Ya jawo guntun sifirin ɗin mota daga tarin ƙarafa, ya cusa a wuta, ya ce a ja zugazugi. Ya kwaikwayi ɗan Taiwan ɗin, ya fitar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya da magagari, ya tsoma cikin baƙin mai. Mariƙin ne kawai ya sauya. Ya yi shi dogo mai kauri, yadda mutum zai damƙe shi da tafin hannu gaba ɗaya, ba da yatsu ba. Bai faɗi dalili ba, Shitu ma bai tambaya ba.

A gida Adama ta ba shi guntuwar taɓarya, ya samo kututturen rimi ya ajiye gefen dutsen. Ƙarfen ya huda, shi kuma ya bi da zare a hankali, yana ja yana dannewa da babban yatsa kamar yadda ya saba. Aikin ya ɗauke shi lokaci fiye da da, amma bai warware ko ɗinki ɗaya ba.

Ranar sauka ya hau kekensa zuwa Gozaki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Maiwada, malamai sun zauna, ana ta shigowa da waina da fura. Alhaji ya karɓi gafakar, ya bi gefenta da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya juya bayanta ya sake bi. Sai ya miƙa wa malamin da ya karantar da Lauratu. Dattijon ya kawo ta kusa da ido, ya ja igiyar ya ji ƙarfinta.

"Wannan daga Kano aka kawo ta?"

Shitu ya miƙe tsaye a cikin jama'a. Ya ɗaga hannun damansa, yana rawarsa, bai ɓoye shi cikin aljihu ba.

"Daga Maska ne, Allah gafarta Malam. Ni na ɗinka."

Malamin ya dube shi, ya dubi hannun, ya sake duban gafakar. Sannan ya ce, "To matso kusa, Malam Shitu. Ina da littattafai uku da rigunansu suka mutu. Yaushe kake dawowa Gozaki?"