Ɓeran da Ya Sha Ruwan Alwala

Jikata ta zo mini da kuka. A jami'a tana binciken yadda gaɓar da ke fitar da yawun ɓera take haɗa kitsen kwalastarol, mahaifinta kuwa ya ce ta daina, wai ƙazanta ce.

Sai na tuna marigayi malamina. Wata rana a zaurensa nan Zuru, ɓera ya sha ruwan alwalarsa. Zan zubar, ya riƙe hannuna da yatsunsa masu ƙamshin tawada, ya ce, "Bari, ɗana. Yawun mai rai tsarkakakke ne. Hukuncinsa muka sani, abin da ke cikinsa wani zai gano."

Gobe zan kira mahaifin nata ya zo, ba zai tashi ba sai ya janye maganarsa. Allah Ya haskaka kabarin Malam, Ya sa jikata ce mai ganowar.