Sawun Lamba Bakwai

Shekara takwas Barmo Ilu yana zuwa filin hokin ƙanƙara da ke cikin wani babban kanti a unguwar Tianhe ta ƙasar Sin, amma sau ɗaya tak ƙafarsa ta taɓa taka ƙanƙarar. Yakan ce Allah da ya halicce shi a Dakoro ya san irin ƙasar da ya nufe shi da takawa. Duk da haka, in ka je ranar Asabar da hantsi ka tambayi wanda ya fi kowa sanin yaran da ke wasa, ba koci za a nuna maka ba. Sama za a nuna maka, hawa na uku, inda wani dogon mutum mai furfura a gemu yake jingine da ƙarfen baranda, rigar sanyi a kan jallabiya, ɗan littafi a hannu.

Sana'arsa ta ainihi jakunkuna ce. Shekara goma sha tara ke nan da ya fara zuwa Shiling, garin masana'antun jaka, saro jakunkunan mata yana kaiwa kasuwar Maraɗi, daga baya ya zauna gaba ɗaya. Yanzu 'yan kasuwar Maraɗi da na Yamai ke turo masa hotuna, shi kuma ya shiga mota ya bi masana'antu, ya shinshina fata, ya ja ɗinki, ya zuge zif sau goma kafin ya ce a ɗaure kaya. Yana zaune a Panyu da matarsa Mariama da 'ya'yansu uku. Sinancinsa na kasuwa ne, ba ado, amma yana kai shi inda yake so.

Idon kuwa gado ne. Mahaifinsa Ilu mai bin sawu ne. In raƙumi ya ɓata ko an kore wa wani shanu, shi ake aika wa. Da ya iso sai ya kifa ƙwarya a kan sawu mafi kyau don kada iska ta share shi, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya faɗi ko dabbar na ɗingishi, ko da kaya a bayanta, ko janta aka yi ko da kanta ta tafi. Barmo ya tashi yana ganin haka, bai kuma taɓa zaton abin zai yi masa rana a ƙasar Sin ba.

'Yarsa ta fari, Saffana, ita ta ja shi filin. Tana da shekara bakwai suka shiga kantin sayen takalmin makaranta, ta hango yara suna zamiya da sanduna suna bin wani ɗan baƙin faifai, ta manne da gilashi ta ƙi tafiya. Mariama ta ce a bar ta ta gwada, ai kwana biyu za ta gaji. Ba ta gaji ba. Barmo ne ya gaji, don faifan ya fi idonsa sauri, sanyin bakin filin kuma yana shiga masa har ƙashi. Shi ya sa ya koma hawa na uku.

Wata Asabar da aka tashi daga wasa, kafin motar da ke goge ƙanƙara ta shigo, ya leƙa ƙasa haka nan kawai. Sai ya ga filin ya zama farin rairayi, sawu ko'ina. Ga inda wata ta ci birki ta tara garin ƙanƙara. Ga wata da ba ta iya juyawa hagu, kullum sai ta yi dogon zagaye ta dama. Ga masu bin faifai duk inda ya nufa, sun bar zane kamar inda kaji suka yi tono. Ga kuma wasu 'yan kaɗan da sawunsu bai da yawa, don sun san inda ya kamata su tsaya tun kafin faifan ya zo. Ranar bai san lokacin da ya yi dariya shi kaɗai ba.

Bayan wata biyu ya tari kocin yaran, wani mutumin arewacin Sin mai suna Liang, ya ce masa yarinya mai lamba goma sha biyu tana ɓoye ciwo a gwiwar hagu. Liang ya yi masa irin kallon da ake yi wa uban da ya cika shisshigi. Da aka duba, gwiwar a kumbure take. Tun daga nan duk farkon kakar wasa Liang yakan miƙa masa jerin yaran, Barmo ya rubuta wa kowacce layi biyu ko uku da faransancinsa na lakwal, wato makarantar boko: yadda take zamiya gaba da baya, gefen da take tsoro, ko tana waiwaye kafin faifai ya iso, ko ta san wurinta. Liang ya sa waya ta fassara masa. Direban motar goge ƙanƙara ma ya saba, ba ya shiga fili sai ya ɗaga kai ya ga Barmo ya ɗaga masa hannu. Minti biyar ɗin nan su ne ƙwaryarsa.

Ba ya sassauta wa kowa. Akwai attajirin da ya aiko masa da shayi mai tsada, ya sha shayin, ya kuma rubuta cewa 'yar attajirin tana gudu kamar wadda aka biyo amma ba ta san inda za ta ba. Iyaye suna jin haushinsa, suna kuma layi a ji abin da ya ce.

Layi ɗaya ne kawai yake bari ba komai, na lamba bakwai. Saffana 'yar fari ce, kuma a gidan su Barmo mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban jama'a. Shi ma ɗan fari ne, har Ilu ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba. A gida yakan ce mata "ke" ko "yarinyar nan", a fili kuma "Lamba Bakwai". Wannan ba ƙiyayya ba ce, so ne da ya yi yawa har ake jin nauyin nuna shi. Duk mutumin Dakoro da ya ga layin nan zai gane. Matsalar ita ce babu mutumin Dakoro a Tianhe sai shi.

Bana wata babbar ƙungiya ta turo wata mata, Madam Fang, ta zaɓi 'yan mata huɗu daga cikin ashirin da biyu, waɗanda za su buga gasar matasa ta biranen kudu. Saffana ta cika sha biyar, baɗi shekarunta sun wuce. Gwajin kwana biyu ne, Asabar da Lahadi, kuma Liang, da kyakkyawar niyya, ya ba Fang takardun Barmo.

Saffana mai tsaron baya ce, irin wadda ba a gani. Ba ta cika zura faifai a raga ba, ba ta kuma yin faɗuwar da ke sa 'yan kallo tafi. In tana fili abu ba ya faruwa a gefenta, shi ke nan. Fang ta kalli wasan Asabar, ta karanta takardun, ta ga duk abin da mutumin ya rubuta haka yake, sannan ta iso layin da ba komai. Liang ya ce mata al'adarsu ce. Ta ce ta ga iyaye iri-iri, kuma uban da yake da ido irin wannan, in ya yi shiru a kan 'yarsa, to ya ga abin da ba ya son faɗa ne. Da yamma aka liƙa sunaye takwas da ke kan gaba, babu Saffana.

Ita da babanta suka bi jirgin ƙasa har Panyu. Da suka isa ta goge takalmanta, ta shanya safa, ta zauna cin tuwo kamar kullum. Sai da ƙannenta suka tashi ta ɗago kai.

"Baba, in ban iya ba ka hwaɗa mini. Wallahi zan haƙura."

Lomar da ke hannunsa ta tsaya. Ya ce, "Wa ya ce miki ba ki iya ba?"

"Kowa kana rubuta mishi, har wadda ta zo jiya. Ni shekara takwas ba ka samu abin rubutawa ba."

Ta ɗauki kwanonta ta shiga kicin. Mariama ta bari sai da ta ji ƙarar famfo, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, kunyarka mai kyau ce, ni na san ta. Amma ɗiyar ga nan aka haife ta. Mutanen nan ba su iya karanta shirunka ba, ita ma ba ta iya ba."

Abin ya soke shi. Bai damu da fahimtar Fang ba kamar yadda ya damu da cewa shekara takwas yarinyar tana kallon layin nan tana ɗauka hukunci ne. Ya tuna yadda shi ma ya yi ta jiran kalma ɗaya daga bakin Ilu, har jiran ya ƙare a maƙabarta.

Ranar Lahadi aka goge fili tas, aka yi gwajin ƙarshe na minti goma, uku da uku. Da aka busa usur yaran suka fita, direban mota ya ɗaga kai yana jiran hannu. Babu kowa a hawa na uku. Barmo yana bakin ƙofar fili, ya ce da Fang cikin sinancinsa na kasuwa, "Laoban," wato shugaba, "zo ki ga wani abu."

Sannan ya sa ƙafa a kan ƙanƙara, da takalminsa na zuwa Shiling. Ya kama katangar gefe da hannu biyu yana jan ƙafa kamar mai ƙetare kwata, dogon mutum da gemu, iyaye suna kallo, wasu suna danne dariya. Fang ta biyo shi a kan nata takalmin. Da suka zo daura da raga ya saki hannu ɗaya ya nuna.

"Dubi wannan. Mai kawo hari ce, ta taho a miƙe, sai ta karkace ta yi bango. Ga shi kuma nan. Ga na uku. Me ya kore ta? Ba a taɓa ta ba, babu alamar karo. Ta tarar da mutum a tsaye a hanyarta ne." Ya matsa kaɗan. "Ga sawun mutumin. Da baya take tafiya, ƙafa biyu nauyi ɗaya, babu birkin firgita ko ɗaya. Nan ta fara lanƙwasa tun faifan yana can gefe, don ta waiwaya ta ga wadda za a ba. Kin ce ba ki ga ta yi komai ba. Gaskiya ne, ta riga ta gama kafin ki duba."

Fang ta tsuguna ta bi layin da yatsa. "Ba ta da aibi ke nan?"

"Tana da shi. Takunta uku na farko da nauyi, juyin hagunta kuma yana faɗi da yawa. Wata shida zai gyara su. Abin da ke kanta kuwa shekara shida ba ta koya wa mutum shi. A yaran nan ashirin da biyu babu wadda ta san wurin tsayuwa kamarta, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙarya a filin nan ba."

"Sawun wa ne?"

"Lamba Bakwai."

Fang ta ciro alƙalami. "Lambobin nan na yau ne kawai. Suna nake rubutawa."

Ta san sunan sarai, yana cikin takardar da ke hannunta. Barmo ma ya san ta sani. Ya ji kamar duk dattawan Dakoro suna zaune a baranda suna kallonsa. Ya waiga, ya ga yarinyar a bakin ƙofa, hular kwano a hannu, ɗankwalinta ya jiƙe da gumi.

"Saffana," ya ce. Muryar ta fita ƙarama, sai ya ƙara da ƙarfi yadda na ƙofa za su ji. "Saffana Barmo. Ɗiyata ce."

Fang ta rubuta. Ta ce yarinyar ta zo atisayen ƙungiyarsu ranar Laraba, ta juya ta tafi abinta.

Nan fa komawa ta gagara, don ya yi nisa da ƙofa. Saffana ta zamo ta zo ba ƙara, ta tsaya daidai gefen da yake shirin zamewa, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hannunsa. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi kuka ba, shi ma ya yi kamar bai gani ba.

"Baba, saki bangon. Na riƙe ka."

Ya saki. Ta kai shi har ƙofa a hankali, tana tafiya da baya.

Direban mota yana nan yana jira, ya fi minti ashirin. Kafin Barmo ya sallame shi ya juya ya dubi filin, don hali ba ya barin mutum. Daga raga zuwa ƙofa ga wani sabon sawu: jan ƙafar wani tsoho matsoraci, a gefensa kuma layi biyu masu tsabta, nauyi ɗaya, na wadda ta san inda za ta tsaya tun kafin a buƙace ta. Ya daɗe yana kallo, ƙirjinsa cike da alfaharin da ba ya ɓoyuwa. Sannan ya ɗaga hannu.