Malam Mika da Dutsen da Ba Ya Shiga Aljihu

Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu ke nan rabona da Kano. Ina Landan ina kula da tsofaffin wasu, nawa kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ban ga ko kabarinsu ba. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, aka bugo mini waya cewa Malam Mika Ɗanjuma, malaminmu na tarihi a sakandare, ya rasu a Gama bayan doguwar jinya.

Malam, da kai zan yi magana, don waɗanda suka cancanci jin ta, kirari ya toshe musu kunne.

Muna aji uku ka rubuta mana wata kalma a allo: Kohinur. Ka ce sunan wani lu'ulu'u ne da aka haƙo a Indiya, ya yi ta yawo daga hannun wannan sarki zuwa wancan har ya ƙare wajen Ingilishi. Ka ce da Farisanci ma'anarsa Dutsen Haske. Sai ka tambaya, "Wane irin dutse?"

Sanusi, wanda muke benci ɗaya da shi, ya ce, "Dutse dai, Malam, irin wanda ake jifan ƙadangare da shi."

Ka bari muka gama dariya, sannan ka ce, "Ba laifinka ba ne, Hausa ce ta haɗa abu biyu a kalma ɗaya. Akwai dutsen jifa, akwai dutsen hawa. Wannan na hawa ne, irin Dala. Shi ya sa ake kiran duk abin da ba shi da na biyu da sunansa. Amma ku lura, duk sarkin da ya ƙwace shi aljihu ya sa shi."

Haka kake da kalma, sai ka bi ta har gidan ubanta. Shekara talatin kana cika littattafan rubutu da asalin kalmomin Hausa, wadda ta zo daga Larabci, wadda Barebari suka ba mu, wadda fatake suka kwaso a hanya. Shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo na daina zuwa makaranta, kai ka riƙa tako kekenka har Tudun Murtala duk yamma, ka zauna a dakalinmu ka maimaita mini darasin ranar. Ko ruwa ba ka yarda a sayo maka.

Da ka yi ritaya, Sanusi ya zama Alhaji Sanusi ɗan kwangila. Ya ba ka ɗakunan ma'aikata a ƙuryar gidansa na Nassarawa GRA, ka shekara takwas kana karantar da 'ya'yansa. Sai 2002 ta zo, ya fito takarar majalisa, wani ya raɗa masa cewa abokan hamayya za su ce yana ajiye da Kirista a gida alhali ana maganar Shari'a. Bai iya kallon idonka ba. Direbansa ya aiko ya ba ka mako biyu ka tashi.

Ni Kirista ne kamar kai, amma ba zan yi wa addinin kowa ƙage ba. Ba Shari'a ce ta kore ka ba, ƙuri'a ce. Hajiya Ma'u mai sayar da abinci a Gama, wadda goshinta ya fi na Sanusi sanin ƙasa, ita ta buɗe maka ɗaki biyu, ta ce addininta ya faɗa mata haƙƙin malami da na maƙwabci tun kafin a fara buga fosta.

Ni ma ban fita daga laifi ba. Ka rubuto mini wasiƙa, ba ƙorafi ko ɗaya, sabon adireshi kawai. Na gane abin da ya faru. Ina da lambar Sanusi, ban kira shi ba, don ina kwaɗayin ya samo mini aikin da zan dawo gida. Aikin bai zo ba, kunyar ta zauna.

Yanzu ga shi ya sayi shafi guda a jarida, hotonsa ya fi naka girma, ya rubuta: "Mun yi rashin Kohinur ɗinmu, ɗan ƙaramin dutse mai tsada." Shekara talatin, Malam, har yau bai gane darasin ba. Ya zo zaman makoki da masu ɗaukar hoto, ya sanar a gaban jama'a cewa zai kwashe littattafanka ya sa su a akwatin gilashi a makarantar kuɗin da ya buɗe. Matarka, Mama Lai'atu, tana cikin takaba, ga nauyin babban mutum, ba ta iya cewa a'a ba. Ni na je na ga Kohinur ɗin na gaske a nan Landan, a bayan gilashi. Bai kai ƙwan kaza ba, mutane na wucewa suna leƙa shi kamar gawa. Littafin da aka kulle haka wa zai karanta shi?

Na kira Hajiya Ma'u. Ta ce, "Ɗan nan, sai yau ka tuna da mu? To, na ji." Kafin motar Sanusi ta dawo kwasar littattafan, ta shiga ɗakinka da daron tuwon 'yan makoki, ta fito da shi a rufe, ya fi yadda ya shiga nauyi.

Ubangiji ya karɓe ka, Malam, ya ba ka hutawa ta har abada, ya gafarta maka kurakuranka, ya gafarta mini shirun da na yi. Mama Lai'atu, da 'ya'ya da jikoki, da dangi na Wusasa, Allah ya ba ku haƙuri. Hajiya Ma'u, Allah ya saka miki da abin da ba mu isa mu ba ki ba.

Littattafai arba'in da bakwai ka bari. Talatin da takwas suna Nassarawa GRA. Tara suna ƙarƙashin gadon Hajiya Ma'u, ɗaya gara ta ci bangonsa. Abin da na iya tserarwa ke nan.