Wutar da Aka Sa Mini a Littafi

Ban gama lakwal ba, makarantar boko ke nan, aka cire ni aka kai ni rumfar atamfa. Amma Faransancina bai mutu duka ba. Na san "feu" wuta ce, ai haka muke kiran fitilar da ke tsayar da motoci.

Shekarar da autana ya gama jami'a ya aiko mini da littafin kammala karatunsa, memuwar suke ce masa. Aikowa ya yi, bai kawo ba. Tun rasuwar uwarsa ya koma unguwar Gounghin, Zango inda nake ta yi masa nisa. Na buɗe shafin farko, na bi da yatsa: "À feu mon père." Ga ubana wuta! Na ce lallai yaron nan ya san wanda ya haife shi. Na riƙa zama da littafin a ƙofar gida, a buɗe, ko wani zai tambaya.

Maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ya leƙa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Alhaji, yaushe ka rasu ba a gaya mana ba?"

Ashe in aka sa wutar nan gaban mutum, marigayi ake nufi.

Na kira yaron. Na ce daga lahira nake magana, ya ɗaga murya, layin babu kyau.

Ya ce, "Baba, pardon, wallahi ba ni ba ne. Wani mai siber ne, shagon intanet kusa da jami'a, shi ke rubuta wa ɗalibai, biyansa ake yi. Kowa haka yake sa masa. Ban duba shafin ba."

"Sauran shafukan fa?"

Sai shi ma ya ce layin babu kyau.

Na ce, "To, tunda na mutu, ka zo ta'aziyya ranar Juma'a. Mamacin da kansa zai dafa shayi."

Ya yi dariya, ya ce in sha Allahu.

Juma'a na share zaure, na shimfiɗa tabarmar baƙi. Bayan la'asar moto, wato babur, ta tsaya a ƙofa, har na miƙe. Ɗan aike ne, da sabon littafi. An goge wutar, an dawo da ni duniya.

Shayin ni na shanye, har da kofinsa. Tsohon littafin kuwa, wanda nake marigayi a ciki, ban mayar ba. Uwarsa dai, da ta mutu, yaron ya kan kai mata ziyara maƙabarta duk sallah.