Ɗakin Rawaya na Shafa-Biyu

Shekara talatin da ɗaya yana fentin gidajen mutane, kuma duk unguwa Shafa-Biyu ake ce masa, don bai taɓa yarda bango ya yi kyau da shafa ɗaya ba. Ko mai gida ya ce ya isa haka, sai ya jira ya bushe ya sake bi. Ido gare shi na ban mamaki: daga tsallaken titi zai gaya maka farin gidanka ya fara dafewa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, asibiti. Mahaifinsa ya shiga can da ido rawaya, bai fito da ƙafarsa ba.

Ran nan yana gyaran gemu sai ya ga farin idonsa ya sirka. Wani zai ce gajiya ce, shi kuwa ya san rawaya in ya gan ta. Ga ƙaiƙayi ya hana shi sakat, ga fitsari kamar shayi. Maimakon ya faɗa wa matarsa, bawan Allah ya jira ta tafi sayo yadi, da yake tela ce, ya janye gado ya shafe ɗakin kwana da rawaya. Washegari ya bi falo.

"Baban yara, me ya sami idonka?"

"Hasken bango ne. Ke ma naki haka yake."

Ta leƙa madubi ta ga nata fari tas. Da ta ga ya doshi kicin da bokiti, ta kamo hannun rigarsa ta ja shi waje, ta kara farin ƙyalle a kuncinsa.

"To, nan fa? Rana ma kai ka yi mata fenti? Sa takalminka."

Mutumin da ke hawa tsani har bene na uku yana waƙa, sai da ta danne masa kafaɗa kafin a ɗebi jininsa. Bayan kwana biyu likita ta zaunar da su.

"Baba, akwai wani sinadari a jini da kan hau idan ciwon daji ya kama bututun da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta. Naka ya hau sosai. Amma yakan hau ko da tsakuwa ce ta toshe bututun, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Za mu ɗauki hoto, mu buɗe hanyar, idan ka washe mu sake aunawa."

"Wato wannan shafar farko ce," in ji shi. "Ashe ku ma kun san aiki."

Hoto ya nuna tsakuwa, aka zura siririn bututu ta baki aka ciro ta. Sai dai likita ta ce tsakuwa kan ɓoye wani abu a bayanta, sai an ga jini na biyu nan da mako uku.

A makonnin nan Shafa-Biyu ya shiga sallama da duniya. Ya kyautar da tsaninsa. Ya bi gida-gida neman gafara. Ya faɗa wa mai shagon kusurwa cewa kyanwarsa da ta dawo shuɗiya shekara tara da suka wuce, shi ne ya yi mata fenti. Mutumin da ya daɗe da mantawa ya tuna, ya daina amsa masa gaisuwa. Matarsa tana ta faɗa, wai ya ishe ta da wasiyya, amma sau uku tana ɗinka hannun riga a baibai. Tsoro ne ya cika su su biyun, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Ranar sakamako likita ta juyo musu da takarda.

"Ya sauko, Baba, ya koma daidai. Hoton ƙarshe ma bai nuna komai ba. Tsakuwar ce kawai."

Ya yi godiya cikin natsuwa, ya gyara rigarsa, ya fito. Taku biyar ya yi a baranda ƙafafunsa suka ƙi. Ya sulale ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro, masu jiran layi suna ta ba shi haƙuri, sun ɗauka mummunan labari ne.

"Tashi, baban yara, kana ba ni kunya," in ji matarsa.

"To, ɗaga ni mana."

"Da wace ƙafar?" ta ce, ta zauna kusa da shi a ƙasa.