Alkawarin da Maigida Ya Ƙi Yi

Cikin shekarun da na yi ina girefiye, wato magatakardan kotu, a Maradi, akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin bayanmu, ku saurara.

Lokacin ina ƙarƙashin alƙalin bincike, wanda ke tono magana kafin a kai ta zaman shari'a. Dattijo ne mai sanyin baki, har mukan yi masa tsiya a bayan ido cewa kafin ya gama magana shayi ya huce. Akwai wata mata 'yar Jiratawa, Hadiza, da ke zuwa ofishinmu duk wata. Shekara uku ke nan da mijinta ya ɗauko tattasai zai kawo kasuwa, bai iso ba, bai koma gida ba. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba. Ko zaman makoki ba a yi ba, don ba a yi wa mai rai.

Ran nan wani fursuna da aka kama da satar shanu ya aiko cewa yana cikin waɗanda suka tare mijin Hadiza, kuma zai nuna inda suka binne shi, in an yi masa alkawarin ba za a tuhume shi da kisa ba. Ni da zafin kaina na ce wa maigida mu yi masa alkawarin mana, in ya nuna sai mu damƙe shi. Ya ce doka ba ta ba shi ikon yafe jini ba, kuma in ya yi ƙarya yau, gobe ba wanda zai ƙara buɗe baki a ofishin nan. Na ji haushi ƙwarai, don ga Hadiza can zaune a baranda.

Ya sa aka kawo fursunan, ya gaya masa saki dai babu. Abin da zai iya shi ne ya rubuta cewa da kansa ya faɗa, alƙalai su duba. Mutumin ya ƙi faɗin wurin. Sai maigida ya kira Hadiza, ya faɗa mata abin da aka nema da abin da ya ƙi bayarwa. Na zaci tsine mana za ta yi.

Ta juya ga fursunan ta ce, "Ni na yahe maka nawa. Na ɗiyana kau ba ni da ikon yahewa. Hwaɗa mini inda kunka aje shi, in samu abin ce musu."

Sai fursunan ya ce, "Bakin gulbi, bayan Tsibiri." Na rubuta. Jandarmomi suka je suka tono gawar, shi kuma fursunan aka yanke masa hukunci da ɗan sassauci.

Daga ranar na gane cewa jarin alƙali bakinsa ne, kuma ban ƙara yi wa sanyin dattijon dariya ba. Da na je Jiratawa gaisuwa, na ce wa Hadiza Allah ya jiƙan mijinta. Ta ce shekara uku take jiran wanda zai ce mata haka.