Agogon da Kadiri Ya Sa wa Farar Mota

Kadiri ɗan Gaya ne, amma tun shina saurayi ya ƙetaro gada ya zauna Malanville, kuma in ka ji yaren Dendin da ke bakinshi ba ka cewa baƙo ne. Ni ɗan kamasho ne a Malanville, a tashar motocin da ke zuwa Guéné. Aikina in cika mota da fasinja, in ɗaure kaya, in sallami direba, don haka duk wanda ya ci abinci a hanyar nan na san halinshi, na san na motarshi. Kadiri na cikin waɗanda na tarar a tasha. Gajere ne, mai kaurin wuya, ba shi da yawan magana, kuma ba shi kunna rediyo cikin mota ko fasinja za su mutu da kaɗaici.

Motar da yake ja ba tashi ba ce. Ta Hajiya Sakinatu ce, mai fataucin albasa, wadda ta gaje ta wurin mijinta tare da direban. Ƙaramar bas ce fara mai shan gazuwal, wato man dizal, tsohuwa tukuf, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar direba. Duk allurorin da ke gabanta sun daɗe da mutuwa. Ta gudu tana kwance kan sifiri ko motar na tashi sama, ta mai kuwa sanda ta maye gurbinta, a zura cikin tanki a zaro a duba. Kadiri bai taɓa damuwa ba, don shi da kunne yake tuƙi. Inji ya yi wani irin nishi, ya canza bitas, wato giya. Ya yi wani irin kuka, ya ɗaga ƙafa.

Kunnen nan kuwa shi ne abin alfaharinshi, kuma gaskiya ya cancanta. Shina zaune wurin mai shayi, ya ba kwalta baya, sai ya ce ga motar wane nan tafe, kuma bel ɗinta ya saki. A waiwaya, ita ce. Makanikai na turo mishi a kira shi ya zo ya saurari injin da ya gagare su. Ya tsaya, ya karkata kai, ya nuna wuri da baki, ya tafi abinshi ba tare da ya taɓa ko sifana ba. A garin nan, in Kadiri ya ce inji ya yi daidai, magana ta ƙare.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Shekara da shekaru mutum na zaune bisa inji, ai ba a banza ba. Na hagu ya fara, na dama ya bi baya a hankali. Ni da ke mishi magana kullum ta tagar mota na lura: in ce mishi buhu biyu na wata tsohuwa za a sauke kafin Guéné, ya ce "To, madalla," ya wuce da su har cikin gari. Matarshi Hawa ta matsa mishi sunka je wurin likita a Kandi. Likita ya ce tsufa ne da ƙarar inji, kunne ba ya dawowa, amma akwai ɗan abin da ake maƙalawa a ji sauƙi. Kadiri ya ce Allah ya kiyaye. Abin da za a maƙala a kunne kowa ya gani, ai shela ce.

Kuma ba tsoron banza yake ba. Tun da anka rufe gadar iyaka, manyan motoci da yawa sun tsaya, direbobinsu na zaune ba aiki. Samari masu jini a jika, kowace safiya sai ka gan su ƙofar gidan Hajiya Sakinatu, wai gaisuwa sunka kawo. Gaisuwar me! Makullin farar mota suke gaidawa. Kadiri ya ƙudurta a ranshi cewa ranar da Hajiya ta ji direbanta ba shi ji, ranar makulli zai bar aljihunshi, ga shi da ɗiya a gida, babu wata sana'a da ya iya sai wagga.

Tuƙin ma ya fara lalacewa. Wani lokaci ya bar mota cikin babban bitas tana hawan tudu tana tari, wani lokaci ya canza kafin lokaci. Da jiki yake lalube, ta kujera da tafin ƙafa, amma tsohuwar mota ko'ina rawa take yi, ba ka bambanta rawar inji da ta ƙofa.

Sai wata rana ya leƙa cikin wata babbar mota da ke ajiye bakin duwan, ofishin kwastan, ya ga agogon da ke nuna yawan juyawar inji, wanda makanikai ke kira kwantatur. Direban ya gwada mishi: a taka mai allura ta tashi, a ɗaga ƙafa ta sauka. Kadiri ya daɗe shina kallo. Ranar kasuwa ya je rumfar masu kayan mota da ke zuwa daga Kamba, ya sayo tsohon guda, mai baƙar fuska da farar allura, gilashin da ɗan tsagu a gefe. Ya shigo da shi tasha a leda. Munka yi mishi caa.

"Kadiri, kai da agogo? Ko jirgin sama Hajiya ta saya maka?"

Ya yi murmushi ya ce ado ne, tsohuwa ma na son ɗan kunne. Munka yi dariya, kowa ya kama gabanshi.

Wurin Sha'ibu ya kai motar. Sha'ibu shi ke gyaran wutar mota bayan tasha, mutum ne mai hankali da ladabi, kuma ya tashi shina ganin maigidanshi na aikawa a kira Kadiri. Shi ya ba ni labarin yadda anka yi aikin, daga baya, shina faɗa shina girgiza kai.

Ya ce ɗaurawa ba ta ba shi wahala ba. Injin gazuwal ba shi da inda irin agogon nan zai ɗauki lissafi sai jikin dinamo, don haka ya kwance dinamon, ya jona waya a ciki, ya biyo da ita ƙarƙashin kujera har gaban sitiyari. Ya huda wuri ya ɗaure agogon da noti biyu, ya ba shi wuta. Anka tada mota, allura ta yi tsalle. Saura saiti. Kowace mota da girman dinamonta da yadda yake juyawa, don haka agogon ba ya faɗin gaskiya sai an murɗa wani ɗan sukuru a bayanshi an daidaita shi da injin. A manyan garuruwa akwai na'urar da ake gwadawa da ita. A nan babu. A nan, kunne ake nema, kuma mai kunnen garin shina zaune kan kujerar direba.

"Baba Kadiri," in ji Sha'ibu, "aiki ya zo wurin mai shi. Taka mai har inda kake canza bitas in mota na da kaya, ka riƙe nan. Ni kuma in saita allura, in sa maka alama."

Ya faɗa shina gwadawa da hannu, don haka Kadiri ya gane. Abin da ya rage mishi ya ce, Sha'ibu, kai saurara, ni kunnena ya yi nauyi. Kalma nawa ce? Amma akwai mutane a garaji, masu kabu-kabu biyu na jiran a gyara musu fitila, kuma duka sun yi shiru don su ga gwani na aiki. Kadiri ya karkata kai yadda ya saba, ya fara taka mai. Bai ji kome ba. Ya ƙara. Ya ƙara. Sai da ƙarar ta kai inda ta ratsa kunnen nashi, sannan ya tsaida ƙafa, ya ɗaga hannu.

Sha'ibu ya ce a lokacin kwanon rufin garajin rawa yake yi.

"Baba, bai yi yawa ba kuwa?"

Kadiri ya ga bakinshi na motsi, ya gyaɗa kai da ƙarfi. "Nan ne. Saita."

To wa zai yi gardama da Kadiri kan kukan inji? Sha'ibu ya ce a ranshi, ƙila tsohuwar mota haka take so, shi ya san kayanshi. Ya murɗa sukuru ya maido allura tsakiyar agogo, inda ya kamata ta zauna in inji na cikin natsuwa. Ya ɗauko ɗan jan fenti ya ɗiga kan gilashin daidai wurin. Kadiri ya yi mishi godiya, ya ja mota ya fita, fuskarshi a sake kamar yadda anka daɗe ba a gani ba.

Daga ranar farar mota ta koyi kururuwa. In ta tashi daga tasha, har masu sayar da kifi bakin hanya sai sun ɗaga kai. Kadiri na zaune ƙyam, idonshi ɗaya kan hanya ɗaya kan allura, ba shi canza bitas sai ta taɓa jan ɗigon nan. Shi a wurinshi tuƙi ya dawo daidai. Ya koma cin abinci da kyau, har ba'a ya fara yi da mu. Fasinja na baya suna ta ƙorafi, wata ta ce kanta zai tsage, wani ya ce direba sauri kake mu je lahira, shi kuwa ko gezau. Direbobi na jin abin, kowa na ji, amma sai wannan ya ce ƙila wata dabara ce ta fitar da hayaƙi, wancan ya ce ai Kadiri ba ya yin abu banza. Ni na taɓa ce mishi ta taga motar nan tana ihu da yawa. Ya nuna mini agogon da yatsa, ya ce ai yanzu ba a tuƙin kame-kame.

Motar ta fara shan gazuwal kamar ana zuba shi ƙasa, tana neman ruwa a kowace tafiya. Ya ce tsufa ne. Wata ranar kasuwa na cika ta da mutane da buhunan albasar Hajiya har bisa rufi, rana ta take, ya kama hanya. Bai kai Guéné ba. Waɗanda ke ciki sun ce wani irin bugu ya fara daga ƙarƙashin kujera, kamar ana dukan turmi, duk fasinja na ihu ya tsaya, shi kuwa allurarshi ba ta kai ja ba tukuna. Sai da farin hayaƙi ya taso tsakanin ƙafafunshi sannan ya sauka gefen hanya. Injin ya kama, ko motsi.

Da wata mota anka jawo ta tasha da igiya. Makaniken da ya buɗe ta ya duba, ya maida murfin a hankali, ya ce sai dai a nemo wani injin daga Kwatano. Sha'ibu ya zo da gudu, ya kalli agogon, ya kalli Kadiri. Ina jin a nan Sha'ibu ya gane cewa Kadiri ba shi ji.

Hajiya Sakinatu ta zo bayan la'asar bisa kabu-kabu. Mace ce mai sanyin murya, ba ta son tara mutane. Ta zagaya motar, ta ji daga bakin Sha'ibu yadda anka saita agogon, sannan ta ja Kadiri gefe, bayan rumfar mai shayi, ta yi mishi magana ƙasa-ƙasa don ta rufa mishi asiri. Shina kallon bakinta. Da ta gama ya ce, "Hajiya, ƙaddara ce, ga agogo nan shaida, ban wuce ƙa'ida ba." Ta sake maimaitawa da ɗan ƙarfi. Ya matso da kunnen dama, ya ce na'am? Ta waiga ta ga tasha cike da mutane, kuma wallahi na ga abin ya yi mata ciwo. Amma babu wata hanya, dole ta ɗaga murya yadda zai ji, kuma inda ya ji, mu ma mun ji.

"Malam Kadiri, na ce tun bara na san ba ka ji! Hawa ta zo ta faɗa mini, na ce a bar ka, tunda kana maido mini da mota lafiya! Da ka ce Sha'ibu ya saurara maka, da yanzu tana kan hanya! Ni ba ni da abin sayen inji, sayar da ita zan yi!"

Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Kadiri ya ji wannan karon, babu abin da ya kuɓuce mishi. Ya tsaya shina kallon ƙasa, sannan ya ce, da muryar da ta fi ƙarfin wurin, don ba shi jin kanshi:

"Tun bara, Hajiya?"

Ta gyaɗa kai. Ya sa hannu aljihu ya zaro makulli, ya miƙa mata da hannu biyu. Samarin nan masu gaisuwar safe suna tsaye nan kusa, babu wanda ya matso, don babu motar da za a ja.